Noti Biyar da Ɗigon Fensir

Mutum huɗu ne wannan labari ya shafa, kuma na ga ya kyautu in gabatar da su tun farko, don kada mai karatu ya sha wahala. Na farko ni ne, bakanike a garejin wani kamfanin motocin fasinja, inda na yi shekara ashirin da takwas. Injiniya ake ce mini a wurin aiki, ko da yake ba ni da takardar hakan. Ta biyu matata ce, uwar 'ya'yana. Na uku ƙaninta ne, wanda ya tashi a hannunmu, kuma ni na sama masa aiki a kamfanin. Shi ke sanar da tashin motoci, saboda haka kowa ke kiransa Lasifika, har sunansa na gaskiya ya ɓace. Ta huɗu Sakatariya ce, mai riƙe da takardun ma'aikata. Akwai kuma likitan kamfani, amma shi magana ɗaya ya yi ya fita daga labarin.

Ga maganar tasa. A farkon waccan shekarar bayana ya fara ƙin miƙewa idan na fito daga ramin gareji. Likita ya ɗaga hoton da aka ɗauka, ya duba, ya ce: “Baba, daga ƙarshen shekarar nan ba kai ba shiga ƙarƙashin mota.” Ƙa'idar kamfani kuwa a fili take: wanda likita ya hana aikinsa, ko dai ya sami aikin zaune, ko a sallame shi. Aikin zaune guda ɗaya ne babu kowa a kansa, wato kujerar mai tsara jadawali, wanda ke faɗin motar da za ta riga wata tashi, da direban da zai huta, da motar da za ta shiga gyara. Ba a ba da kujerar sai da jarrabawa, kuma wanda ya fi kowa maki shi zai hau.

Na tafi ofishin Sakatariya na cike takarda. Ta ba ni ɗan kati mai lamba bakwai.

“Mutum shida sun riga ka, Baba Injiniya,” in ji ta. “Kuma ka sani, ba inji za a tambaye ka ba, ba lissafi ba. Tunani za a gwada. Tambaya arba'in, awa ɗaya.”

Tunanin bai ba ni tsoro ba. Karatun ne ya ba ni. Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin manya, kuma har yau sai na bi layi da yatsa kafin ya shiga kaina.

Da rana ina zaune a bencin da ke bayan gareji, ƙarƙashin rumfar kwano, sai ga Lasifika da sabon littafi a hammata.

“Mijin Yaya! An ce kujera mai juyawa kake nema. Kai da baƙin mai ya zame maka turare?”

“Kai fa, ba za ka nema ba? Ai karatunka kamar ruwa yake.”

“Ni? Allah ya kiyaye. A kulle ni a ɗaki da fanka, muryata ta ruɓe? Ni dai aikina in kai ka. Ga littafin gwaji na saya. Ni in karanta, kai ka warware. Abin da za ka yi uku a hutun rana, sai mu yi goma.”

Na miƙa hannu zan karɓa in duba, ya janye.

“A'a! Hannun nan naka ko sabulu ya sallama shi. Littafina sabo ne.”

Muka yi dariya, na goge hannu da tsumma, hannun kuma bai fita ba. Tun daga ranar littafin yana wurinsa, kunne yana wurina.

Tambayoyin sun ba ni dariya da farko. Wai mutum biyar suna layi, wane yana gaban wane, wane ba ya kusa da wane, to wa ke tsakiya? Na ce ina ruwan kamfani da layin mutanen da ba a taɓa haifa ba? Amma kafin a gama ta uku na gane abin. Aikin da nake yi kowace safiya ne: mota kaza ba ta hawa rami sai kaza ta sauka, kaza kuma tana jiran kayan gyara. Na ɗauko gwangwanin da nake tara tsofaffin noti, na zuba biyar a kan benci, kowanne da girmansa. Babban noti shi ne direba, mai tsatsa shi ne manomi, haka dai har kowa ya sami nasa. Wanda aka tabbatar mini da wurinsa in kwantar da shi a layi. Wanda ba a tabbatar ba in tsayar da shi a gefe, ya jira.

Mako uku na farko ina cin tara, ina cin goma cikin goma. Kowace tambaya na ci sai Lasifika ya rufe littafi a kan yatsarsa ya ce: “Tsaya, tsohon nan, ta ina ka bi?” Ni kuwa daɗi nake ji. Na nuna masa cewa ana farawa ne da layin da ya fi ɗaure mutane, ba lallai da layin farko ba. Na gargaɗe shi kada ya ƙara abin da ba a faɗa masa ba, ko da hankali ya ɗauka. Kuma tun da kowace tambaya tana da amsa huɗu, ta huɗun kuma kullum ita ce “bayanin bai isa ba”, na nuna masa yadda ake gane ta: idan ka jera mutanenka ta hanya biyu, duka biyun kuma ba su saɓa wa abin da aka faɗa ba, to ba ka da ikon zaɓar ɗaya. Yana saurare yana gyaɗa kai, yana cewa da a ce an sa ni makaranta da wuri da yanzu ni ke da kamfanin.

Ranar Litinin ta mako na huɗu ya karanta mini wannan, kuma na haddace ta saboda kwanakin da ta yi tana yawo a kaina:

“Mutum biyar suna layin sayen tikiti: tela, direba, manomi, kafinta da likita. Tela yana gaban direba. Manomi yana daf da bayan direba, babu kowa tsakaninsu. Kafinta ba shi ne na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. Wa ke ƙarshen layi?”

Na jera noti. Tela, direba, manomi suka kwanta a jere. Kafinta ya sami wuri a tsakiya. Likita ya rage a tsaye: in na kai shi gaba, manomi ne na ƙarshe, in na kai shi baya, shi ne na ƙarshe.

“Bayanin bai isa ba,” na ce.

Ya juya bayan littafi, ya ɗaga mini shi daga nesa, ya sa farce a kan amsar. “Manomi.”

“Sake karantawa.”

Ya sake, kalma ɗaya ba ta canja ba. Na sake jerawa, likita ya sake tsayawa a gefe yana kallona.

“Kada ka damu, mijin Yaya, kowa yana tuntuɓe. Mu wuce, lokaci na tafiya.”

Ranar na ci shida. Washegari biyar. Kafin mako ya ƙare na sauka huɗu, kuma kusan duk inda na faɗi a wuri ɗaya ne: ni in ce bayanin bai isa ba, littafi ya ce ya isa. Na fara shakkar idona, na fara shakkar notina. Har na riƙa zaɓar amsa da ka, abin da na hana shi yi, don dai kada in sake faɗin waccan kalmar. Lasifika ya daina tsokanata. Wannan ya fi tsokanar ciwo. Sai ya riƙa yi mini magana a hankali, yana maimaitawa, kamar yadda ake yi wa mara lafiya.

Wata ranar hutu da hantsi matata ta kawo mini shayi, ta zauna a bakin tabarma, ba ta tashi ba.

“Malam, yaron nan Lasifika ya zo jiya ba ka nan. Har da ƙwalla.”

“Me ya same shi?”

“Kai ne damuwarsa. Ya ce abin da kake warwarewa kafin ya rufe baki, yanzu sai ka yi ta juya ƙarfe kana kallo. Ya ce shekaranjiya ma ka manta sifana a kan inji.”

Gaskiya ne na manta sifana. Na sha mantawa tun ina saurayi, ba wanda ya taɓa kawo labarin gida.

“Ya ce za a kafe makin kowa a allon sanarwa,” in ji ta. “Yaran da ka koya wa riƙe sifana za su tsaya su karanta. Malam, shekara ashirin da takwas ana girmama ka a wurin nan. Ka fita da girmanka.”

Na yi kwana huɗu ina juya maganar. Ranar da za a rufe gyaran sunayen masu jarrabawa na tafi ofis in janye sunana.

“Ka tabbata, Baba Injiniya?” in ji Sakatariya. “In na cire ba ya komawa.”

Na ce na tabbata. Ta sake tambaya, na sake faɗi, na sa hannu.

“To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Aƙalla gidanku bai fita daga layi ba.”

Ban gane ba, sai da na sami Lasifika a ɗakin sanarwa na tambaye shi. Ya kashe na'urar, ya sunkuyar da kai.

“Yau da safe na sa sunana, da Yaya ta gaya mini za ka janye. Na ce gara kujerar ta zauna a gida da wani bare ya ɗauka. Kunya ce ta hana ni gaya maka.”

Na dafa kafaɗarsa na sa masa albarka. Makon da ya rage kuma ni na koya masa yadda zai zana ƙananan da'ira a gefen takarda a madadin noti, tun da ba za a bar shi ya shiga da gwangwani ba. Ya ci ashirin da huɗu cikin arba'in, ya fi kowa, ya hau kujera. A ƙarshen shekara aka sallame ni. Aka yi ɗan taro a gareji, aka ba ni agogon bango, Lasifika ne ma ya yi jawabi, har wasu suka share ido.

Wata uku bayan haka Lasifika ya tashi daga ɗakin da yake haya zuwa wani mafi girma, ya kawo kwalin tarkace ya ajiye a wurinmu. Teburin da muke ɗora fanka yana da gajeriyar ƙafa. Matata ta buɗe kwalin tana neman abin da za ta tokare shi, ta zaro littafi ta cusa. Da la'asar ina zaune na hango bangonsa a ƙarƙashin tebur, na gane shi. Hannuna yanzu fes yake, wata uku bai taɓa mai ba. Na zaro shi.

Ba zargi ne ya sa na buɗe ba. So nake in ga tambayar da ta fara kayar da ni, kamar yadda mutum kan koma ya dubi ramin da ya faɗa. Na daɗe ina nema kafin na same ta. Na sa yatsa na bi. Tela yana gaban direba. Manomi yana daf da bayan direba. Kafinta ba na farko ba, ba na ƙarshe ba. Sai yatsata ta sauka a kan wani layi da kunnena bai taɓa ji ba:

“Likita yana gaban tela.”

A gefen layin akwai ɗan ɗigon fensir.

Na tashi na ɗauko gwangwani. Na kai likita gaban tela, ya kwanta. Manomi ya rage a ƙarshe, shi kaɗai, babu hanya ta biyu.

Na ce da kaina, ido yakan tsallake layi, ko da na mai karatu ne. Kada in ƙara abin da ba a faɗa mini ba. Saboda haka na bi littafin shafi shafi, kwana uku ina yi. A shafukan makonni uku na farko babu ɗigo ko ɗaya. Daga tambayar tela zuwa ranar da na janye, ɗigo talatin da ɗaya na ƙirga, kowanne a gefen layin da in an cire shi tambayar ba ta warwaruwa. Ba kowane layi ne ke yin haka ba. Sai wanda ya iya aikin zai san wanda zai cire. Ni na koya masa gane layin da ya fi ɗaure mutane. Bayan ranar da na janye, ɗigon ya ɗauke.

A shafin amsoshi kuma na tarar da katinsa na jarrabawa, ya sa shi alamar shafi. Lamba huɗu. Nawa bakwai ne. Yana cikin mutum shidan da suka riga ni, tun ranar da yake ce mini Allah ya kiyaye shi da ɗaki mai fanka.

Na kira matata na nuna mata. Ta dubi ɗigon, ta dubi katin, ta ce ba ta gane ba, ko kuwa ba ta so ta gane. Sai na ce ta sauko da agogon bango. A ƙarshen littafin akwai cikakkiyar jarrabawar gwaji, tambaya arba'in, wadda ba mu taɓa taɓawa ba. Ta riƙe agogo a cinya, ni kuma na zauna da fensir, ba noti, ba mai karanta mini. Da awa ta cika ta ce in ajiye. Tambaya ashirin da bakwai na kai. Ita ta riƙe shafin amsoshi tana dubawa, ina jin muryarta tana canjawa. Na faɗi ɗaya. Ashirin da shida.

Ta ɗauki waya ta ce da ƙaninta ya zo ranar hutu.

Ya zo da rana tsaka, da sabuwar riga mai aljihu da biro biyu a ciki.

“Mijin Yaya! Hutu ya karɓe ka, har wuya ka yi. Yaya, me kike ba tsohon nan?”

Ba wanda ya yi dariya. Ya ga littafin a kan tabarma, da noti biyar a jere.

“Zauna,” na ce. “Yau ni zan karanta maka.”

Na karanta masa tambayar tela da yatsa, a hankali, yadda na iya. Da na zo layin likita na tsaya, na juya masa littafin. Ya duba, ya yi wata 'yar dariya.

“Haba, wannan ai alama ce nake yi don kaina, in san inda…”

Matata ta ajiye katin a gabansa. Ya kafa masa ido. Can ya ɗago, fuskarsa ta zama wata iri.

“To, naji. Amma a faɗi gaskiya duka. Yanzun nan minti nawa ka ɗauka a tambaya ɗaya? Ko ka shiga ba za ka gama rabi ba. Da an kafe sunanka a ƙasan allo, yara suna dariya. Ni na rufa maka asiri. Kuma kai ka gama zamaninka, ni ina da 'ya'ya ƙanana. Haka zan mutu ina ihu a tasha?”

“Ka tabbata zan faɗi?”

“Wallahi na tabbata.”

“Da ka tabbata, da ba ka sayi fensir ba. Da ka bar jarrabawar ta kayar da ni da kanta.”

Ya kawar da kai ya dubi ƙofa.

“Da ka zo ka ce kana son kujerar,” na ce, “da mun zauna a bencin nan mu biyu, kowa ya shiga da kansa. Wata shida ina tashi da safe ina gwada kaina, ko na tuna sunayen jikokina.”

Matata ta miƙe. Ban taɓa jin ta yi masa magana da wannan murya ba, ko lokacin da yake ƙarami.

“Ni ka aika. Ka zo ka yi mini kuka a ɗakin nan, ka sa na kai wa mijina shayi na ce masa kansa ya taɓu. Da bakina. Tashi ka ɗauki kwalinka.”

“Yaya…”

“Littafin ka bar shi, tebur na buƙata.”

Ya ɗauki kwalin ya fita. A bakin ƙofa biro ɗaya ya faɗi daga aljihunsa, bai tsaya ɗauka ba.

Washegari na tafi wurin Sakatariya da littafin da katin. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge. Ta ce ita ta ɗauka na san ya nema tun farko. Sa'an nan ta buɗe fayil ta nuna mini takardar janyewa, da sa hannuna a ƙasa.

“Sau biyu na tambaye ka, Baba Injiniya. Shi a ɗakin jarrabawa bai yi maguɗi ba. Abin da aka yi a benci kuwa ba ya cikin takarduna.”

Na ce haka ne. Na fito ta gaban ofishin jadawali. Ƙofa a buɗe take, fanka na juyawa, Lasifika yana sunkuye a kan babbar takarda yana zana ƙananan da'ira a gefe, daidai yadda na nuna masa. Bai ɗago ba, ni ma ban tsaya ba.

Matata takan ce da na shiga da ni na ci, tun da ashirin da shida ta fi ashirin da huɗu. Nakan ce mata takardar da na yi a gida daban ce da wadda suka yi, kuma tabarmar ɗakina ba ɗakin jarrabawa ba ce. Mai yiwuwa da na ci, mai yiwuwa da na faɗi. Bayanin bai isa ba, kuma ranar da za a cike shi ta wuce. Idan na faɗi haka sai ta tashi ta shiga ɗaki. Har yau ba ta ɗaga wayar ƙaninta.

Iyakar abin da ya faru ke nan, gwargwadon yadda na riƙe shi. Duk wanda ya ga kuskure a rubutuna, ko a jerin mutum biyar ɗin nan, ina roƙonsa ya gyara mini, zan kuma gode. Abin da zan iya ba da tabbaci a kai shi ne ban tsallake layi ko ɗaya da gangan ba.